Mitarmu da ta masu kawo mana gas sun saɓa da kashi 7 cikin 100, ta ina zan fara?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin na'urorin awo ne a wata masana'anta da ke yankin Agbara a jihar Ogun, shekarata ta uku ke nan a wurin. Da iskar gas muke kunna tukunyar tururi da janareto biyu, kuma ta bututu yake zuwa mana. Masu kawo gas ɗin suna da tasharsu ta awo a bakin babban titi, mitarsu irin mai farfela ce, da ita ake rubuto mana bil. Mu ma a cikin gida muna da tamu ta dubawa, irin mai faranti da huda a tsakiya, wadda muke kira orifis. Tsakanin mitocin biyu akwai bututu mai inci 6 a binne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, ya bi ta gefen wani fili da a bara aka fara yanka filaye ana gine-gine.

Tun da na zo, bambancin da ke tsakanin mitocin bai taɓa wuce kashi 1 cikin 100 ba. Wata huɗu da suka wuce ya fara hawa, yanzu ya kai kashi 7. Tasu tana cewa sun ba mu da yawa, tamu tana cewa abin da ya iso bai kai haka ba. Muna shan kusan kubik fit miliyan 2 a rana, don haka kuɗin ba na wasa ba ne. Manajanmu ya riga ya yanke hukunci cewa cutarmu ake yi, su kuma sun ce mitarmu ce ta tsufa.

Abin da ya hana ni barci shi ne umarnin da aka ba ni: ranar Asabar in zare farantin in duba, ba tare da an tsayar da aiki ba, a karkatar da gas ta ƙaramin layin gefe kawai. Gidan farantin namu ba irin mai ɗaki biyu ba ne da ake zarewa da matsi a ciki, dole sai an sauke matsin. Bawul ɗin da ke gabansa kuwa na san ba ya kullewa sosai. Na taɓa rufe shi na buɗe mashaƙa, wato ƙaramin bawul na fitar da gas waje, allurar ma'auni ta sauka, bayan minti goma ta fara hawa da kanta.

Don Allah waɗanda suka riga mu a wannan aiki, ta ina ake farawa? Kuma in na ƙi buɗewa ranar Asabar, na yi taurin kai ne ko na yi daidai?

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na fara da tambayarka ta ƙarshe: kada ka buɗe. Bawul ɗin da kai da kanka ka ga allura na hawa a bayansa, ba a dogara da shi a kwance ƙusa ko ɗaya. Ƙa'idar da na yi shekara fiye da 30 ina bi ita ce bawul biyu a rufe, mashaƙa a buɗe a tsakaninsu, a sa kwaɗo, makulli a aljihun wanda zai sa hannu, da takardar izinin aiki mai sa hannun jami'in kiyaye haɗari. In babu bawul na biyu, a jira ranar da za a tsayar da masana'antar. Ka rubuta wa manajan a takarda, cikin ladabi, ka faɗi abin da ka gani a allurar da minti nawa ta ɗauka. Maganar baki tana ɓacewa ranar da abu ya faru.

To, bari mu koma kan kashi 7 ɗin. Kowa a wurinku ya ɗauke shi maganar kuɗi. Ni da na karanta, abin da ya fara faɗo mini shi ne filin nan da ka ce ana gine-gine. Gas ya shiga ta can an auna, ya fito ta nan an auna, ya ragu. Kafin a zargi mita, sai an tabbatar ba ƙasa ce take shanye shi ba. Kashi 7 na miliyan 2 kubik fit 140,000 ke nan a rana, wajen kubik mita 4,000. In da yoyo ne duka, da wuya ya ɓuya, za a ji huci, ciyawa za ta bushe a wuri ɗaya alhali kewayenta kore shar, in damina ce ruwan kwatami zai riƙa ɓulɓula. Amma ƙaramin yoyo yana iya fakewa a bayan kuskuren mita, shi ne abin tsoron.

Ga yadda za ka raba su ba tare da ka taɓa sifana ba. Yoyo matsi yake bi, ba ruwansa da ko kuna aiki ko ba kwa yi. Kuskuren mita kuwa yawanci gudun gas yake bi. Ka nemi lissafin awa-awa na mitocin biyu na wata guda, ka jera su. In ranar da kuka rage aiki bambancin kubik fit ya ragu tare da aikin, mita ce. In adadin da ke ɓacewa kusan ɗaya ne dare da rana, ka nemi rami. Ranar da aka tsayar da komai kuwa, a rufe bututun daga can da nan, a bar shi da matsinsa, a sa ma'auni mai kyau a zauna ana kallo na wasu awanni. Sai dai ka rubuta zafin gas ɗin tare da matsin, don sanyin dare kaɗai yana sauke allura.

Gobe da safe ka ɗauki na'urar shinshina gas ka bi layin da ƙafa, kai da wani, kada ka tafi kai kaɗai. Ka sa ta a bakin kowane ramin bawul, da kwalbati, da duk inda aka yi sabon haƙa. Kada ka yarda da hancinka. Gas ɗin bututu ba shi da wari na kansa, warin da mutane suka sani na tukunyar girki zuba shi ake yi. Amurka ma sai da makarantar New London ta jihar Texas ta tashi a 1937, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara, sannan aka fara tilasta sa wari. Manyan layuka da yawa har yau babu warin a cikinsu, kuma ko da akwai, ƙasa tana iya tace shi kafin ya iso sama. Gas ɗin nan yana kamawa ne in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska. Ka tuna 100 a fuskar na'urarka ba gas zalla take nufi ba, kashi 5 ɗin nan take nufi, wato bakin wuta. A inda na yi aiki, da ta nuna 10 ake ajiye kayan aiki a ja baya.

In layi ya fita lafiya, sai a zo kan mitarka, kuma gaskiya na fi zarginta a kan tasu. Kusan duk cutar da ke kama orifis ƙasa take jan lissafi. Bakin hudar ya dakushe, ƙasa. Datti ya taru a fuskar farantin, yawanci ƙasa. An mayar da shi a juye bayan gyara, ƙasa sosai, wannan yana iya wuce kashi 10. Me aka yi a layin wata huɗu ko biyar da suka wuce? An canja filta? An tura na'urar share bututu daga sama? Ka duba littafin aiki.

Akwai abin da za ka iya yi yau ba tare da haɗari ba. Ka je kan tirasmitar bambancin matsi, wato na'urar da ke auna bambancin matsin gaban faranti da na bayansa, ka rufe bawul ɗinta, ka buɗe na daidaitawa, ka ga ko za ta koma sifili. Ka tsiyaye siraran bututunta biyu a wuri mai iska, sau da yawa ruwa ko mai ne ya kwanta a ɗaya. Kada ka raina ƙaramin kuskure a nan, domin sai bambancin matsi ya ninka sau huɗu gudun gas yake ninka sau biyu. Idan tirasmitar tana aiki a kashi 10 na iyakarta, kuskuren kashi 1 na iyakar ya zama kashi 10 na abin da take karantawa, wato kashi 5 a lissafin gas. Na ga masana'antu da suka rage aiki suka bar tsohon faranti mai babbar huda, mitar tana ta lilo a ƙasan ma'auni, suna ta rigima da masu kawo musu gas a banza.

Maman Ilham, Fatakwal:

Sannu da ƙoƙari ƙanena. Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni ta takarda zan ƙara, don aikina ke nan, daidaita lissafin gas tsakanin mai sayarwa da mai saye.

Kafin ku yi faɗa da kowa, ka buɗe kwamfutar lissafi ta mitarku ka ga a wane zafi da wane matsi take mayar da adadin, sannan ka dubi abin da ke cikin yarjejeniyarku. Gas ba kamar hatsi ba ne da mudu ɗaya yake mudu ɗaya ko'ina, yana kumbura yana tsukewa, shi ya sa ake mayar da shi kan ma'auni ɗaya da aka amince. Wasu injinan Turai suna zuwa da saitin digiri 0, harkar saye da sayarwa kuma yawanci a digiri 15 ake yi ko 60 na Faranhait. Tsakanin 0 da 15 kaɗai akwai kusan kashi 5 da rabi cikin 100. Na taɓa zama kwana uku a kan irin wannan rigima, ashe batirin kwamfutar ne ya mutu, aka canja, ta koma saitin da ta zo da shi daga masana'anta, ba wanda ya lura. Ka tambaya ko an taɓa taku a watannin nan.

Na biyu, sinadaran gas ɗin. In ba ku da na'urar tantance sinadarai a layin, to da hannu aka shigar da nauyin gas da ƙarfin zafinsa, wataƙila tun shekarun baya. Gas ɗin da ke bin layin Escravos zuwa Legas daga rijiyoyi da masana'antun tacewa daban-daban yake haɗuwa, ba kullum yake zama iri ɗaya ba. Ka nemi sabon sakamakon gwaji daga masu kawo muku, hakkinku ne, ka gwada da abin da ke cikin kwamfutarku.

Na uku, zafi. Gas yana yin sanyi in aka sauke masa matsi, kusan rabin digiri a kowane bar ɗaya na ma'aunin matsi, shi ya sa kake ganin bututu yana gumi bayan regileta. In ma'aunin zafin masu farfela ya kauce da digiri 3, lissafinsu ya kauce da kusan kashi 1. A orifis rabin haka ne. Saboda haka kada ka wanke su tas tun yanzu, ku nemi a gwada na'urorin ɓangarorin biyu a gaban juna, kowa ya sa hannu a takarda ɗaya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa ita ke kula da wannan ɓangare, amma da wuya a kai can in an zauna da takardu a tebur.

Manomi daga Zazzau:

Ku gafarce ni, ni ba ma'aikacin gas ba ne, amma maganar Baba ta taɓa ni. Babban bututun nan na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya bi ta kusa da gonakinmu. Mun ga lokacin da aka binne shi, mutum yana iya rarrafawa a cikinsa. Yanzu ƙasa ta rufe, ciyawa ta fito, yara masu tasowa ba su ma san yana wurin ba. Mu kuma da kaka muna ƙona kara, wasu suna haƙa rijiyar noman rani, masu tifa suna ɗibar ƙasa duk inda suka ga dama. Baba, me ya kamata mu kiyaye? Tsakani da Allah ba wanda ya tara mu ya yi mana bayani dalla-dalla tun da aka gama biyan diyya.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:

Malam, tambayarka ta fi ta ɗana nauyi. Bututun da kake magana inci 40 ne, tsawonsa kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, ya ratsa Kogi da Abuja da Neja da Kaduna har Kano. Matsin da irinsa ke ɗauka ya ninka na tayar mota sau da yawa. Ku ɗauke shi kamar a cike yake kullum.

Babban abokin gabarsa shi ne haƙa. Rijiya, ramin ƙasa, harsashin gini, katafila, ko dasa bishiya mai zurfin saiwa, duk a nisanta su daga filin da aka biya diyyarsa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba lallai ya fashe a ranar da aka taɓa shi ba. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, injin masu gini ya ƙwarzane wani babban bututun gas, aka rufe aka ci gaba da aiki. Bayan makonni, ranar 30 ga Yulin 2004, ya tsage, mutum 24 suka mutu, cikinsu har da 'yan kwana-kwana da suka zo duba yoyon. Don haka in mai tifa ko mai haƙa ya taɓa shi, ko fentin jikinsa kawai ya kankare, kada a rufe a yi shiru don tsoron hukunci. Wannan fentin shi ke tsare shi daga tsatsa.

Turakun alama da kuke gani, da ƙananan akwatuna masu waya a ciki, ku hana yara da 'yan gwangwan taɓa su. Ta wayoyin nan ake auna 'yar wutar da ake sakar wa bututun don kada ƙasa ta ci shi. Mu kan bi su da ma'auni muna neman aƙalla milibolt 850 a ɓangaren ragi, in aka sace waya an makantar da mu. Wutar kara kuma a yi ta nesa da turakun da wuraren bawul. In kun ga zaizayar ruwa ta fara tono shi, ko kun ji huci kamar na tayar babbar mota, ko ƙura tana tashi daga ƙasa ba iska, kada wanda ya tayar da babur ko ya kunna ashana. A tafi da ƙafa ta inda iska ke fitowa, a yi nisa sosai, a hana mutane zuwa kallo, sannan a kira lambar da ke jikin alamar. Ina ba ka shawara ka je wurin mai unguwa ko dagaci ku rubuta takarda ku nemi masu bututun su zo su yi muku bayani a gaban jama'a, ku kuma kwafe lambar nan ku ajiye a masallaci da wurin shugaban 'yan tifa.

Ɗan Zangon Ashaiman, Gana:

Gaisuwa ga Baba da sauran 'yan'uwa. Mu nan kusa da Tema mun ɗanɗana abin da ake faɗa. Bututun Afirka ta Yamma mai kilomita 678 shi ke kawo gas daga Najeriya, ya bi ta teku, yana da tashoshin awo a Kwatano da Lome da Tema da Takoradi. A watan Agustan 2012 anka ta wani jirgin ruwa, wato ƙugiyar da ke tsayar da shi, ta lalata bututun a gaɓar Lome. Kusan shekara guda babu gas, injinan wuta da suka dogara da shi suka tsaya, muka shiga ɗauke wutar da a nan ake kira dumso. Ni walda nake yi, na san yadda shagona ya kwana a lokacin. Ɗan'uwa na Agbara, ka bi maganar Baba. Kwana ɗaya da za a tsayar da aiki ba zai kashe masana'antarku ba.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da bayani bayan mako biyu.

Na rubuta takardar kamar yadda Baba ya ce, na kai wa jami'in kiyaye haɗari kwafi. Manaja bai ji daɗi ba, kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sosai, amma ya yarda a jira Lahadin ƙarshen wata da ake wanke tukunyar tururi.

Kafin ranar na bi layin da na'ura ni da abokin aikina. Filin gine-ginen lafiya lau, sai dai wani ya zuba yashi da bulo a kan turakun alama biyu, mun sa an kwashe. A ramin bawul na tsakiya ne na'urar ta fara ƙara tun kafin mu gama ɗaga murfin, ta nuna 30. Ba wari ko kaɗan, na rantse da ban riƙe na'urar ba da na leƙa kaina ciki. Muka ja baya, aka killace wurin, masu kawo gas suka zo da yamma suka rufe daga tasharsu na awa biyu. Da aka shafa ruwan sabulu, kumfa ta tashi a wuyan bawul ɗin, shimfiɗar cikinsa ce ta gaji. Yoyon ƙarami ne, ba shi ya ci kashi 7 ba, amma ramin yana da taku kaɗan daga inda wata mai abinci take hura gawayi kullum da safe.

Yaya Maman Ilham, na duba kwamfutar, saitin zafi da matsi daidai yake da yarjejeniya. Nauyin gas ɗin ne tsoho, na shekara huɗu da suka wuce, mun shigar da sabo.

Ranar Lahadi aka rufe daga tasha, aka sauke matsi gaba ɗaya, aka kore ragowar da naitirojin, na'ura ta nuna sifili sau biyu, sannan na kwance. Farantin ba a juye yake ba, rubutun da ke jikin mariƙinsa yana kallon ɓangaren da gas ke tahowa. Amma fuskarsa ta yi baƙi ƙirin da wani gari mai maiƙo, kaurinsa ya kai na kwali, ya taru har bakin hudar. Wani dattijo cikin masu kawo gas ya ce in zuba shi cikin bokitin ruwa nan take, kada in bar shi ya bushe a tsumma, don irin wannan garin yana iya ɗaukar zafi da kansa in ya sha iska. Da na wanke farantin na ɗaga shi a rana, bakin hudar yana ƙyalli a gefe ɗaya, na goga farce bai kankare komai ba. Ya dakushe. Da muka buɗe filta sai muka tarar ta yage, littafin aiki kuma ya nuna wata biyar ke nan rabon da a duba ta.

Mun sa sabon faranti da sabuwar filta, na tsiyaye kusan cokali biyu na baƙin mai daga siririn bututu ɗaya. Kwana tara ke nan, bambancin yana tsakanin kashi 1.6 da 2. Bai koma yadda yake da ba, don haka mun sa ranar da za a gwada ma'aunin zafi da na matsi na tasharsu a gabanmu, sun yarda. Bawul ɗin da ba ya kullewa an yi odar sabo, na kuma roƙa a ƙara na biyu da mashaƙa a tsakani, ana duba kuɗin.

Baba, tambaya ɗaya ta rage. Mitarsu tana gaban tamu, garin nan ta cikinta ya fara bi kafin ya iso mu. Me yake yi wa farfela da boris ɗin da take juyawa a kai, sama yake jan lissafi ko ƙasa? Ina so in san abin da zan nema a duba kafin ranar gwajin.